Golf, Vibe ko 307: wace ƙaramar mota ta hannu ce za ta riƙe iyali a hanyoyin Kebbi?

Ƙanena malamin sakandare ne a Jega. Shekara uku ya yi yana zubin adashi, ya haɗa da rancen ƙungiyar ma'aikata, sannan wata Asabar da hantsi ya yi sallama a gidana a Birnin Kebbi. Ko ruwan da aka kawo masa bai gama sha ba ya ce, "Yaya, kuɗi sun haɗu. Golf zan saya ko Vibe?" Yana da mata da 'ya'ya uku, kuma duk ƙarshen wata sai sun je Yauri gaida Inna. A motar haya suke zuwa, huɗu a baya biyu a gaba, kaya a kan cinya, yara su sauka a tasha sharkaf da gumi. Ya gaji da wannan, kuma yana da gaskiya. Mako shida muka yi muna yawon duba motoci tsakanin Birnin Kebbi da Jega da Sakkwato kafin ya biya kuɗi.

Irin motar da yake nema ita ce ƙaramar nan mai guntun baya, wadda murfin but ɗinta ke ɗagawa sama gaba ɗaya tare da gilashi, wasu na ce mata mai ƙofa biyar. Da can ma'aikaci in ya tashi sayen mota, hankalinsa na kan Camry ko Honda mai faɗi. Amma tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 lissafi ya sauya. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce naira dubu a gidajen mai da yawa, ga darajar naira ta faɗi, motocin da ake shigowa da su suka yi tashin gwauron zabo. Shi ya sa mutane suka waiwayo kan ƙananan motoci. Ga kuma wani amfani da mai dogon but ba ta da shi: in ka kwantar da kujerun baya, keken ɗinki zai shiga, ƙaramin janareta zai shiga, buhunan shinkafa daga Argungu ko albasar Aliero za su shiga ba tare da an ɗaure komai da igiya ba. Sai dai mutum biyar take ɗauka. Wanda iyalinsa suka kai bakwai ko takwas ya nemi Sharan ko Zafira ko Sienna, kada ya sayi ƙarama da niyyar danne yara a but.

Abin da na fara gaya wa ƙanena shi ne, kada ya auna mota da yadda take a ƙofar makaranta ana kallonta. Ya auna ta da hanyar Jega zuwa Koko zuwa Yauri, inda tirelolin Sakkwato ke bi su nufi Kwantagora, da zafin watan Afrilu lokacin da ma'auni ke wuce 40, da ƙurar hunturu, da ramukan da damina ke bari. Kowa a Kebbi ya san akwai hanyoyin da a shekarun nan ba a son magariba ta riski mutum a kansu, balle ɓangaren Zuru da Danko Wasagu. Mota ta mutu maka a daji da mata da yara a ciki, ai maganar ta wuce ta kuɗin gyara. Don haka tambayar da nake yi wa kowace mota ita ce: sau nawa za ta tsaya, kuma in ta tsaya a Koko, akwai wanda zai tada ta kafin la'asar?

A kan tambaya ta biyun, babu motar da ke kamo ƙafar Golf 3. Volkswagen ta fara ƙera ta a 1991, ta ci kambun motar shekara ta Turai a 1992, kuma duk wanda ya leƙa tashar Jega ko ta Argungu ko ta Kamba ya san inda ta ƙare rayuwarta. Injinta na lita 1.6 ko 1.8 mai bawul takwas ne, wayoyinta kaɗan ne, ba ta da tarin na'urorin da ke buƙatar kwamfuta kafin a gane ciwonsu. Giyarta ta hannu ce, in batir ya mutu yara biyu sun isa su tura ta tashi. Kwanon bakin manta na ƙarfe ne, in ya daki dutse sai dai ya lotse. Bakanikena, wanda ya shekara sama da ashirin a kanta, cewa ya yi, "Malam, wagga mota ko gindin icce ta mace muna tada ta." Kayan gyaranta kuwa akwai su a kusan kowane gari mai tasha, sababbi da na Beljiyam, a farashin da malamin makaranta zai iya biya ba tare da ya jira albashi ba. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma ban raina ta ba.

Amma mafi ƙuruciyar Golf 3 ta doshi shekara talatin a duniya, kuma mafi yawan waɗanda ke kasuwa yanzu sun yi haya. An yi musu lodin buhuna har baya ya zauna, an bi da su hanyoyin daji, an sauke injin an mayar ba sau ɗaya ba. Mai sayarwa zai kai ta a yi mata fenti da sababbin rigunan kujera ya ce ta wani dattijo ce da ke zuwa masallaci da ita kawai. Ga yadda ake gane ta haya: leƙa sifirin na baya, za ka ga an sa mai kauri ko an ƙara masa roba, ɗaga murfin but, za ka ji maɗaurinsa ya yi sako-sako saboda an saba tafiya da shi a buɗe an ɗaure da igiya, duba wajen birkin hannu, inda ake ɗora matashi don fasinja na biyu ya zauna, ɗaga kafet ka ga ko ƙasan ya ci walda. Ko ka dace da mai lafiya, da yawa daga cikinsu tun daga Turai ba su zo da esi ba, kuma wanda aka dasa a nan yakan jawo wa injin zafi. Jakar iska in ma akwai ta tsufa. Ga bel ɗin taimin, wanda in ya tsinke mota ta tsaya nan take, a wasu injinan har ya lanƙwasa bawul. Sannan mai Golf, musamman doguwar, ya shirya wa yawan tsayawa a shingayen hanya, don an san irin aikin da masu fasa-ƙwauri ke sa ta a yankin iyaka. Ita mota ce da ke yawan ƙananan ciwo amma kowa ya iya maganinta. Ga magidancin da ke zaune a ƙauye, kuɗinsa kaɗan, hanyarsa gargada, har yanzu ita ce. Ga mai son ya ɗauki jariri da tsakar rana a watan Maris, ba ita ba ce.

Golf 4, wadda ta fito a 1997, ta fi yayarta kyau da nutsuwa a kan kwalta, jikinta ba ya saurin tsatsa, cikinta kamar na babbar mota. Sai dai ƙasa take sosai, kwanon bakin manta na alminiyam ne, dutse ɗaya ya isa ya fasa shi mai ya tsiyaye. Kwayil ɗinta na ƙonewa, injin ɗaga gilashin ƙofa na tsinkewa, famfon ruwanta mai fukafukin roba na saki. Otomatik ɗinta kuma ba abin dogaro ba ne a wannan shekarun. Wanda ya nace mata ya nemi 1.6 mai bawul takwas da giyar hannu, ya sa mata farantin ƙarfe a ƙarƙashin inji. Mun duba guda biyu, ban bari ƙanena ya taya ko ɗaya ba.

Pontiac Vibe da Toyota Matrix tagwaye ne da aka raba wa gida. Dukansu a kan ƙashin Corolla aka gina su, da injin Toyota mai lita 1.8 da ake kira 1ZZ-FE, wato injin da ke cikin Corollar Amurka ta 2003 zuwa 2008 da ta cika titunanmu. Matrix a Kanada aka haɗa ta, a garin Cambridge na lardin Ontario, ita kuwa Vibe a Fremont ta jihar Kalifoniya, a masana'antar haɗin gwiwar Toyota da General Motors. An rufe sunan Pontiac a 2010, shi ya sa wasu ke tsoron rashin kayan gyara. Rabin tsoron ne gaskiya. Inji da giya da yawancin kayan ƙafa da birki duk na Toyota ne, duk bakaniken da ya iya Corolla ya iya su, kuma a Birnin Kebbi da Jega da Yauri babu garejin da ba a taɓa kwance Corolla ba. Inda ake shan wahala shi ne kayan jiki: fitila, bamba, madubi, gilashin baya, da wasu kayan esi waɗanda a Vibe ba irin na Toyota ba ne. Waɗannan sai an aika Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, a jira kwana biyu ko uku. Amma fitila ba ta hana mota kai ka gida da rana.

Abin da ya fi ja na gare ta shi ne, injin sarƙa yake amfani da ita maimakon bel ɗin taimin, don haka babu fargabar tsinkewa a tsakiyar hanya muddin ana juyen bakin mai a kan lokaci. Giyarta otomatik mai hawa huɗu tsohon yayi ce, ba ta da wayo da yawa, kuma saboda haka take daɗewa, in dai an zuba mata man da aka rubuta a jikin sandar awo, wato T-IV, ba duk jan man da aka samu a bakin titi ba. A cikin duk motocin nan ita kaɗai ce na fi son otomatik ɗinta a kan giyar hannu, don giyar hannun ta 2003 da 2004 ta yi suna da cin boris. Kujerunta sun ɗan ɗaga sama, tsohuwa na shiga ba tare da ta durƙusa ba, abin da ya sa na tuna da gwiwoyin Inna. Rufinta na da tsayi. Ƙasan but ɗin roba ce mai tauri, in ruwan kifin Yauri ko manja ya zuba sai a goge da tsumma. Kujerun baya na kwanciya shafal, ta gaba ta fasinja ma na kwanciya, har katako ko tabarma mai tsawo ta shige. Gilashin baya na buɗewa shi kaɗai in kaya sun cika but. Tankinta lita 50 ne, kuma a doguwar tafiya mai lafiyarta na shan kimanin lita 8 a kilomita 100, cikin gari da esi ta haura haka.

Tana da nata aibun. Ƙara na shigowa ciki a kan hanya, kuma da mutum biyar da kaya da esi a kunne ba ta da ƙarfin wuce tirela a gaggauce, sai direba ya yi haƙuri ya ga fili sosai. Injin nan a shekarunsa na farko ya yi suna da shan bakin mai saboda ringi, an gyara fistin ɗinsa wajajen 2005, shi ya sa na fi natsuwa da ta 2006 zuwa 2008. A 2010 an yi kiran mayar da Corolla da Matrix da Vibe na 2005 zuwa 2008 a Amurka saboda ƙwaƙwalwar inji, wadda makanikai ke ce wa biren bos, tana iya tsagewa ta ciki mota ta mutu tana tafiya ko ta ƙi tashi. Jakar iskar gefen fasinja ma tana cikin waɗanda aka yi kira a kansu, na kamfanin Takata. Da lambar shasi ana iya dubawa a intanet ko an yi wa motar waɗannan gyare-gyare kafin ta baro can. Akwai kuma nau'o'in da zan ce a kauce musu: mai ja da taya huɗu, don ta fi shan mai kuma kayan bayanta daban ne, Vibe GT da Matrix XRS masu giya shida, waɗanda injinsu na masu son gudu ne, da sabon yayin 2009 mai inji 2.4, wanda ke shan fetur kamar Camry, wani lokaci ya haɗa da bakin mai. Sabon yayin mai 1.8 lafiyayye ne, kuɗinsa ne dai ya fi ƙarfin aljihun da muke magana.

Babban aibinta shi ne farashi. Kowa ya gane ta, dillalai ma sun gane, don haka kuɗin Vibe mai lafiya na iya sayen Golf 3 fiye da ɗaya. Matrix kuma takan ɗara Vibe tsada saboda tambarin Toyota kawai, alhali abin da ke ƙarƙashin bonet ɗaya ne. Ta wani gefen wannan tsadar riba ce, don ranar da wata lalura ta taso ka so sayarwa, ba za ta kwana uku a hannun dillali ba.

Akwai wadda mutane ke mantawa da ita: Corollar Turai mai guntun baya ta 2002 zuwa 2007, mai inji 1.4 ko 1.6. Ita ma sarƙa ce, yawancinsu giyar hannu ne, ta fi Vibe sauƙin mai, kuma jimirinta na gidan Toyota ne. But ɗinta ne ƙarami, akwati biyu da kular abinci sun cika shi. Ga mai 'ya'ya biyu ƙanana ta wadatar. A lura da abu biyu. An ƙera da yawansu a Ingila, inda sitiyari ke dama, kuma wasu an juya musu sitiyari bayan sun iso. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, kuma motar da aka yanka aka juya ba abin ɗaukar iyali ba ce. Alamarta ita ce walda a bangon da ke tsakanin inji da direba, da dashbod da bai zauna daidai ba, da wayifa masu share gilashi ta ɓangaren da bai dace ba. Na biyu, magajiyarta Auris tana da wata giya da ake kira MMT, wadda a ido otomatik ce amma a ciki giyar hannu ce da na'ura ke taka wa kuloci. In ta fara fizga, masu iya saita ta kaɗan ne a yankinmu. Auris sai mai giyar hannu.

Ita kuwa Peugeot 307 sai an yi hattara da zuciya, don mu 'yan Arewa muna da tsohuwar soyayya da Fijo. Tun 1975 ake haɗa ta a Kaduna, iyayenmu sun hau 504 da 505, mu muka taso da 406. 307 ta fito a 2001, ta ci kambun motar shekara ta Turai a 2002, kuma a cikin duk waɗanda na lissafa babu wadda ta kai ta daɗin zama. Faɗi gare ta, gilashin gabanta babba, tana shanye gargada, tana kama hanya a guje. Kuma a kasuwa ita ce ke da arahar da ke sa mutum ya yi zaton ya tsinci dami a kala. Ƙanena ya zauna cikin wata ruwan toka a Sakkwato, na ga idonsa ya sauya.

Ruwa ba ya tsami banza. Wutar motar gaba ɗaya a hannun wata ƙwaƙwalwa take mai suna BSI, da sandar sigina da fitila da ake kira COM2000, kuma in ɗayansu ya rikice sai ka ga wayifa ta tashi da kanta, ko fitila ta ƙi mutuwa, ko mota ta ƙi amsa makulli. Gyaran na buƙatar kwamfutar Fijo da wanda ya iya karanta ta. Abin da ke kashe 307 a garuruwanmu shi ne mai wayarin da bai san ta ba, ya yanke nan ya haɗa can, ya gyara abu ɗaya ya ɓata uku, har ta zama ba mai iya bin sawun wayoyinta. Giyarta otomatik mai suna AL4 ba ta son zafi ko tsohon mai, in ta ji ba daidai ba sai ta yi ƙara ta maƙale a giya ta uku. Injinta kuma bel ne, kuma a nan in ya tsinke bawul sun tafi. Ban ce kowace 307 matsala ce ba. Mai 1.6 da giyar hannu, daga 2005 zuwa sama, wadda ba a taɓa wayoyinta ba, a hannun wanda ke zaune a Birnin Kebbi kuma yana da ƙwararren mai Fijo, za ta yi masa hidima. Amma in ta tsaya a Koko, sai dai a nemo mai ja.

Honda Jazz, wadda a wasu ƙasashe ake kira Fit, ita ce ta fi kowa sauƙin mai, kuma cikinta ya fi yadda ake zato daga waje, don an sa tankinta a ƙarƙashin kujerun gaba. Ƙaramin injinta fulogi takwas gare shi, biyu a kowace silinda, kuma sau da yawa ana canza huɗun gaba a manta da na baya, mota ta yi ta rawa ana neman dalili. Otomatik ɗinta nau'in CVT ne mai buƙatar mansa na musamman. Ƙafarta ba ta da ƙwari. Motar cikin gari ce, ta kai yara makaranta ta kai uwargida asibiti ko wurin aiki. Ban ga ta jure zuwa Yauri duk wata da lodi ba.

Duk wannan bayani a kan suna ne, alhali ba suna za ka hau ba, mota guda ɗaya za ka hau da tarihinta. Vibe da aka wahalar ta fi Golf mai lafiya sharri. Na koyi wannan da motata ta farko. Bayan isha'i aka kawo mini ita a ƙarƙashin fitilar titi, injin da ɗuminsa, mai ita na cewa gobe da asuba wani zai zo da kuɗi. Na biya. Mako uku bayan nan, tsakanin Kalgo da Bunza, da iyalina a ciki, ta tafasa ta tsaya. Da aka buɗe sai ga gasket ya daɗe da ƙonewa, an zuba wani magani a lagireto ya toshe wurin na ɗan lokaci. Rabin abin da na saye ta na kashe kafin ta dawo hanya.

Saboda haka mota da safe ake duba ta, injin a sanyaye, ka ɗora hannu a bonet ka tabbatar. A tada ta kana tsaye a bayan salansa. Shuɗin hayaƙi na nufin tana cin bakin mai, farin da ya ƙi ɗaukewa na nufin ruwa na shiga inji. Buɗe murfin bakin mai, in ka ga wani abu fari-fari kamar kindirmo a jikinsa, ka yi sallama. Kafin injin ya yi zafi a buɗe lagireto a ga ko ruwan na tsartuwar kumfa. Tambayi ko an cire tamostat an haɗa fanka kai tsaye, don al'ada ce a garejinmu, kuma sau da yawa wata matsalar zafi ake rufewa da ita, ga ƙarin shan mai. Murɗa makulli ba tare da ka tada ba: fitilar gargaɗin inji da ta jakar iska da ta birki dole su kama, sannan su mutu bayan ta tashi. Wadda ba ta kama ba sam, an cire ƙwanta ne. A sa mata na'urar dubawa ta kwamfuta, kuɗin ba su kai na taya ɗaya ba. A hau da ita kan rami a leƙa ƙasa, musamman Vibe da Matrix, don waɗanda suka fito daga Kanada da arewacin Amurka sun sha gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara, tsatsa na cin su ta ƙasa alhali sama na ƙyalli. A nan ne kuma za a ga ko an fasa tukunyar tace hayaƙi an kwashe abin da ke ciki, wanda 'yan gareji ke kira indomi. Ja ɗamarar kujera har ƙarshe, ka ɗaga kafet ka shinshina, motar da ambaliya ta ci ba ta ɓoye laka da wari. Sannan a fita da ita hanyar Kalgo da rana tsaka da esi a kunne, a dawo a bar ta tana aiki a tsaye minti goma sha biyar ana kallon allurar zafi. Bakaniken da zai yi duk wannan naka ne, kai ka kawo shi, kai za ka sallame shi. Wanda dillali ya kawo yana da kaso a la'ada.

Kada lambar tafiya da ke dashbod ta ruɗe ka, ana mayar da ita baya, kuma ta motocin Amurka da mil take ƙirga, kowane mil kilomita 1.6 ne. Lambar shasi ta fi ta gaskiya. Haruffa da lambobi 17 ne, kuma a motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka, irin su Vibe da Matrix, na goma shi ke faɗin shekarar mota: 3 na nufin 2003, 6 na nufin 2006, haka har 9. Mun ga wata da aka sauya wa bamba da fitilu ana ce mata 2007, lamba ta goma ta ce 3. Ta Vibe da 5Y2 take farawa, ta Matrix da 2T1. Lambar da ke gindin gilashin gaba da ta jikin ƙofa da ta takarda dole su zama ɗaya.

Takardu kuwa a jiharmu ba abin wasa ba ne, don muna iyaka da Nijar da Benin. A Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu, kuma motoci da yawa sun shigo ta ɓarauniyar hanya aka yi musu takardun duti na bogi. Irin wannan na iya shekara tana yawo cikin gari lafiya, ranar da ka nufi Kaduna ko Abuja a karɓe ta a hanya. Ɗauki takardar kwastan ka je ofishinsu a tantance kafin ka biya, ba bayan ka biya ba. In ta hannu ce mai lamba, a ga mai sunan da ke takarda ido da ido, a rubuta takardar ciniki da shaidu, a yi canjin mallaka. Inshorar dole ta motar gida ta koma naira 15,000 tun Janairun 2023, kuma a yanke ta gaske. Beljiyam ta fi ta hannu tsada nesa ba kusa ba yanzu, kuma ni a ganina ta hannun da ka san mai ita, ka san garejin da yake kai ta, ta fi Beljiyam ɗin da ba ka san daga wane gwanjon motocin haɗari aka ɗauko ta ba.

Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya juye duk abin da ya tara a kan farashin mota, ya shigo da ita gida ba shi da na taya. Na ce wa ƙanena ya ware kashi ɗaya cikin biyar ya manta da shi. Kowace mota ta hannu tana zuwa da bashinta: juyen bakin mai da na giya, fulogi, matatar iska, takalmin birki, batir, shokozoba, da bel ɗin taimin in mai bel ce, ko da mai ita ya rantse jiya ya canza. Taya ma a karanta lambobi huɗun da ke gefenta, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Hukumar kiyaye haɗurra na gargaɗi a kan tayar da ta wuce shekara huɗu, kuma kwaltar Kebbi a watan Afrilu ba ta yafe wa tsohuwar taya.

Da za a ce in jera su ga magidanci mai 'ya'ya biyu ko uku da ke doguwar tafiya, Vibe ko Matrix mai 1.8, otomatik, mai ja da gaba, ta 2006 zuwa 2008, ita zan sa a gaba. In kuɗi ba su kai ba bayan an ware na gyara, Corollar Turai mai giyar hannu. In har yanzu ba su kai ba, gara Golf 3 da ba ta yi haya ba, ko a ƙara wata shida ana tari, da a ɗauki 307 otomatik don araharta.

Vibe uku muka ƙi. Ɗaya ta yi shuɗin hayaƙi, ɗaya ita ce mai ƙaryar shekara, ta ukun kuma mai ita ya ƙi yarda a kai takardunta kwastan. Ta huɗun ta wani ma'aikacin lafiya ce da aka yi wa canjin wurin aiki, 2006, fentinta ya koɗe a rufi, bambar baya da tsaga, amma injin shiru kuma ƙasanta tas. Ƙanena ya ɗan yi jim saboda fentin, ya ce, "Yaya, kamar ta tsufa." Na ce ya bar fenti sai baɗi. Ya canza tayoyi huɗu da batir da shokozoba na baya, aka juye duk mayukanta, ya bar babur ɗinsa don zuwa makaranta kullum saboda mai. Sun je Yauri sau biyar ke nan, sun dawo da Inna a ta ƙarshe don ganin likita. Esin ne ya rage, kwamfaresa na kamawa tana saki, an aika Kano a nemo irin tata, kuma yana so a gama kafin zafin Maris ya shigo.